Ciwon Tsakanin Kafaɗun Aina'u

Ciwon ya zauna wa Aina'u ne a tsakanin kafaɗunta, daidai gefen allon kafaɗar dama. Da safe yakan yi kamar babu shi. Kafin azahar ya fara zafi kamar an ɗora mata garwashi, zuwa la'asar kuwa ya haura wuya ya kama ƙeya, har in an kira ta daga baya sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya.

Aikinta tsintar zoɓo ne a wani sito da ke Bompai, inda ake gyara shi a ɗura a buhu a fita da shi waje. Mata ne cike da siton, kowacce zaune a kan tamfol, ƙafafu a miƙe, faifai a cinya, kai a sunkuye, tana fitar da tsakuwa da kara da busasshen ganye. Haka ake wuni. Tafin hannunsu duk ya rine ya yi ja, tsamin zoɓon kuma yana bin su har gida a jikin zani.

Ta shiga aikin ne bayan rasuwar mijinta, Malam Lawan, wanda ya kawo ta Kano daga wani ƙauye na ƙasar Ɓaɓura tun tana amarya, lokacin yana aiki a masaƙa. Masaƙar ta rufe, ya koma gadi, daga baya ciwo ya kwantar da shi. Ya bar ta da ɗaki guda a wani gidan haya a Dakata, da 'yarsu Firdausi, wadda ita kaɗai ta rayu cikin 'ya'yan da ta haifa.

Lokacin da Firdausi take gida ciwon bai taɓa zama abin magana ba. In sun idar da sallar magariba sai Aina'u ta kwanta rub-da-ciki a tabarma, yarinyar ta durƙusa a gefenta, ta lakato man zafi, ta bi wurin da gindin tafin hannu tana dannawa, tana ba ta labarin Islamiyya da na faɗan da aka yi a bakin famfo.

"Nan ne, Inna?"

"Ɗan yi sama. Yauwa, nan."

Sau da yawa kafin labarin ya ƙare ciwon ya lafa.

Sai Firdausi ta yi aure. Mijin, Sagir, direban babbar mota ne, yaro mai hankali, kuma suna son juna. Abin da kawai Aina'u ba ta so ba shi ne nisa, domin a Fatakwal yake zaune, can kuma ya tafi da matarsa. Ba ta nuna ba. Ta yi wa 'yarta gara daidai ƙarfinta, ta raka ta tasha, ta dawo.

A makon farko ta gane abin da ba ta taɓa lura da shi ba: hannunta ba ya kaiwa wurin. Ta bi ta saman kafaɗa, yatsunta suka tsaya a sama da shi. Ta lanƙwasa hannu ta ƙasa, suka tsaya a ƙasa da shi. Ta naɗe tsumma a kan muciya ta shafa masa mai, rabin man ya ƙare a rigarta. Daga baya ta koma jingina da gefen ƙofa tana gogawa kamar akuya a jikin katanga, in ta ji motsin mutum a tsakar gida ta yi sauri ta matsa.

Gidan cike yake da mutane, amma duk yara ne sababbin aure. Suna gaishe ta da ladabi, suna ce mata Baba, iyakarta da su ke nan. Wata rana da ciwon ya matsa mata ta ɗauki kwalbar man ta nufi ɗakin Rumaisa, wadda ta fi sauran sakin fuska. Tana isa bakin labule ta jiyo ta ita da mijinta suna dariya a kan wani abu da suke kallo a waya. Ta ɓoye kwalbar a cikin zani.

"Baba, ke ce? Shigo mana."

"A'a, ashana nake nema, in kina da ita."

Ta koma ɗaki da ashanar da ba ta buƙata.

Firdausi takan kira duk Juma'a. Bayan gaisuwa tambayarta ta farko ba ta sauyawa.

"Inna, yaya bayan?"

"Da sauƙi. Ai ya ma daina."

"Kina shafa man?"

"Ina shafawa. Ke yaya kike da abincinsu na can?"

Wata abokiyar aikin Aina'u ce ta kai ta wurin wani mai kemis da ke yin haɗi. Ƙwayoyi ne kala-kala a ƙulle a leda, a watsa su baki ɗaya a kora da ruwa. Ranar da ta fara sha sai ta ji kamar an sauke mata dutse. Ta yi aiki har yamma ba ta ko miƙe ba. Amma ba a daɗe ba ƙulli ɗaya ya daina isarta, ta koma sha safe da rana, galibi ba ta ci komai ba sai koko. Ta je an yi mata ƙaho a wurin wata mata a Kawaji, ta samu sauƙi na 'yan kwanaki, ciwon ya dawo mazauninsa. Sannan wani sabon zafi ya ɓullo mata a ƙahon zuciya, wanda ta ɗauka yunwa ce.

Wata ranar bazara, ana tsakiyar aiki, rufin kwanon siton ya ɗauki zafi, sai ta ji cikinta ya murɗa. Ta yunƙura za ta fita, jiri ya ɗebe ta, ta durƙushe a kan zoɓon da ta tara tana amai. Hajiya Ummi, mai kula da matan, ita ta sa aka tsayar da adaidaita sahu, ta kai ta asibiti da kanta.

Likitan da ya duba ta ya tambayi abin da take sha. Ta kwance bakin zani ta nuna masa. Ya ce ƙwayoyin nan ne suka ji wa cikinta ciwo, kuma in ta ci gaba da su abin zai fi haka. Ya rubuta mata maganin cikin.

"To, likita, bayan fa?" in ji Aina'u. "Don shi nake sha."

Ya sa aka yi mata hoto. Da sakamakon ya fito ya ce ƙashinta lafiya lau, tsokar wurin ce ta gaji ta ɗaure. Ya tura ta sashen gashi, inda ake kula da masu irin wannan da masu shanyewar jiki.

A can ta haɗu da Lubna, wata matashiyar ma'aikaciya siririya mai gilashi, wadda ba za ta girmi Firdausi da yawa ba. Ta ja labule, ta sa Aina'u ta nuna mata yadda take zama a wurin aiki. Aina'u ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafa, ta sunkuya kan faifan da babu shi.

"Haka kuke wuni, Mama?"

"Haka. Sai in an tashi sallah."

"To ku hau gadon nan ku kwanta, in gani."

Ta ɗora mata wani abu mai ɗumi a naɗe cikin tawul na ɗan lokaci, sannan ta ɗauke, ta sa yatsu tana bin gefen allon kafaɗar a hankali. Ba ta yi lalube da yawa ba ta tsaya a kan wurin, ta danna.

Aina'u ba ta san lokacin da hawaye ya zo mata ba. Ta kifa fuska a kan hannunta, kafaɗunta suna rawa. Tun ranar da ta dawo daga tasha babu wanda ya taɓa jikinta, in ban da mai ƙaho da kuma matan da suka ciccibe ta ranar da ta faɗi.

Lubna ta ɗaga hannu. "Na danna da ƙarfi ne?"

"A'a, 'yar nan. Ci gaba."

Ta ci gaba, ba ta ƙara tambaya ba. Sai da ta gama, Aina'u ta tashi zaune tana gyara ɗankwali, sannan Lubna ta ce, "Wa kuke da shi a gida da zan nuna wa yadda zai riƙa yi muku?"

"Babu kowa."

Lubna ta ce, "To bari in koya muku wanda mutum zai yi da kansa. Shi ne ma ya fi amfani, domin wanda nake yi muku nan na ɗan lokaci ne."

Ta nuna mata yadda za ta tsoma tawul a ruwan zafi ta matse ta yafa a kafaɗa safe da yamma. Ta tsayar da ita, ta ce ta ja kafaɗunta baya kamar tana son ta matse lemo a tsakaninsu, ta riƙe, ta saki. Ta ce ta ja haɓarta ciki, ta miƙar da wuya. Ta kai ta bakin ƙofa, ta sa ta dafa gefe da gefe ta turo ƙirji gaba har sai ta ji gaban kafaɗun ya buɗe. Daga ƙarshe ta ɗauko ƙaramar ƙwallo ta jefa cikin doguwar safa, ta nuna mata yadda za ta rataya ta a baya, ta jingina da bango, ta murza wurin da nauyin jikinta.

"Amma babban maganin yana wurin aikinku," in ji ta. "Faifan nan ya taso sama, ku daina bin sa ƙasa. Kuma kada ku jira sai ya fara zafi kafin ku miƙe."

"Zai warke?"

"Ba zan ce muku zai tafi gaba ɗaya ba, tunda ya daɗe, kuma aikin kuna cikinsa. Amma zai ragu sosai, in kun dage."

Da ta koma aiki ta tafi da kujera 'yar tsugunno da wani tsohon bokitin fenti. Ta kifa bokitin, ta ɗora faifai a kai, ta zauna a kujerar. Matan suka yi ta dariya.

"Aina'u ta buɗe ofis," in ji wata. "Saura a kawo mata fanka."

Aina'u ta yi murmushi ta ci gaba da tsinta. Hannunta ya rage sauri a kwanakin farko, abin da take tsincewa bai kai na da ba, kuma ciwon bai nuna alamar ya san an yi wani abu ba. Sau biyu tana wucewa ta gaban mai kemis tana rage tafiya. Abin da ya hana ta shiga tunawa da ɗacin aman nan ne.

Miƙe-miƙen kuwa kunya ba ta bar ta ta yi su a gaban mutane ba. Takan tashi kamar za ta zaga, ta shige bayan buhunan da aka jibge har kusa da rufi, ta yi abinta a can. Wata rana tana tsaye ta ja kafaɗu baya, ido a rufe, sai ta ji an ce, "Wannan kuma wace irin sallah ce?"

Hajjo ce, wata 'yar cin rani daga ƙasar Damagaram, doguwa, mai tsage a kumatu. Tun kaka take siton, a can gefe take zama, kuma Aina'u ba ta taɓa jin ta yi magana mai tsawo ba. Mijinta ya tafi arewa neman aiki, ta bar 'ya'yanta wurin uwarsa, ita kuma tana kwana a gidan wani ɗan garinsu.

Aina'u ta gaya mata abin da ake ciki. Hajjo ta saurara, sannan ta juya ta kai hannu bayan wuyanta.

"Ni nawa nan yake. Ya fi shekara. Na ɗauka kowa haka yake ji."

Aina'u ta nuna mata na kafaɗa da na haɓa. Hajjo ta gwada, ta yamutsa fuska. Sai Aina'u ta ce ta juyo, ta sa babban yatsa ta saman riga ta lalubo mata wurin, wani ƙululu mai tauri kamar ƙwallon goruba. Hajjo ta ja numfashi ta dafa buhu. Da aka gama ta ce, "Juyo ke ma."

Hannun Hajjo hannun daka ne, mai kaushi da ƙarfi, ba ta kuma iya bi a hankali ba. Amma yana kaiwa wurin.

Daga ranar suka mayar da shi al'ada. In an idar da azahar, sauran mata suna cin abinci, su biyun su zaga bayan buhuna, wannan ta danna wa wannan. Ba su cika hira ba. Hajjo ta dawo da tamfol ɗinta kusa da na Aina'u, ta samo wani kwali mai ƙwari ta ɗora faifanta. Ranar Lahadi da babu aiki ta fara zuwa Dakata. Zuwanta na farko Aina'u ta rasa abin da za ta ba ta, domin tun tafiyar Firdausi ba ta cika ɗora tukunya ba, awara take saye ko ta jiƙa gari. Ta fita ta sayo zogale da tsaki ta yi dambu. Suka ci a kwano ɗaya, Hajjo tana cewa na garinsu ya fi wannan yaji.

Sannu a hankali ciwon ya ja baya. Ya daina hawa ƙeya. Akwai ranakun da sai ta dawo gida take tuna ba ta ji shi ba. A lokacin ne ta gaya wa Firdausi gaskiya, har da faɗuwar da ta yi.

Firdausi ta ce a waya, "Inna, duk Juma'a ina tambayarki."

"Kina tambaya."

"Da kin faɗa min."

"Da na faɗa, me za ki yi daga can, in ba kuka ba? Ga shi yanzu ma kina yi."

Zuwa asibiti kuwa ya zame mata abin ɗoki. Takan yi wanka ta sa atamfarta mai kyau, ta zauna a benci tana jira a kira sunanta. Lubna takan tambaye ta barcinta, da cikinta, da labarin 'yarta, kuma tana tuna amsar da ta bayar a zuwan baya.

A wani zuwan Lubna ta sa ta juya wuya dama da hagu, ta ɗaga hannuwa, ta taɓa wurin ta ji ya yi laushi.

"Yaya kuke jin sa yanzu, Mama?"

Aina'u ta gane inda tambayar ta nufa. Ta buɗe baki da niyyar ta ce yana nan yadda yake, har ma ya ƙaru. Ta gefen labule tana hango bencin da ta taso daga kai. Akwai wani tsoho da 'ya'yansa biyu suka riƙo, ɓarin jikinsa a sake, da wata mata rungume da yarinyar da ba ta iya riƙe wuya. Tun safe suke zaune.

"Da sauƙi sosai," in ji ta. "Sai in na yi ganganci."

"Alhamdu lillahi. To kun gama da mu ke nan. Ku ci gaba da abin da kuke yi, ba sai kun dawo ba, sai in ya tayar muku."

Aina'u ta yi godiya, ta sa mata albarka, ta ƙara yin godiya. Ta tsaya gyara mayafi fiye da yadda ya kamata. Kafin ta kai ƙofa Lubna ta riga ta leƙa waje tana kiran suna na gaba.

Ba a jima ba hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ranar da aka yi ruwan farko, suna zaune a siton ana jin sa yana dukan kwano, Hajjo ta ce, ba tare da ta ɗago daga faifai ba, "Jibi zan tafi. In na ƙara kwana za a yi shuka babu ni."

Aina'u ta san haka za a yi, duk 'yan cin rani haka suke yi. Duk da haka ta ce, "Ki zauna mana. Ɗakina ya ishe mu, ba sai kin koma gidan mutane ba."

"Yaran fa? Tsohuwar ba ta iya noma."

"Haka ne."

"In Allah ya kai mu kaka ai ina dawowa."

Ta raka ta tasha da safe. Motar ta daɗe ba ta cika ba, suka zauna a inuwar wata rumfa, buhun kayan Hajjo a tsakaninsu. Hajjo ba ta da waya. Ta ce akwai ta ƙanin mijinta, amma ba ta riƙe lambar a ka ba. Da aka fara kiran fasinja ta miƙe, ta kama hannun Aina'u da hannu biyu.

"Yaya Aina'u, a yafe ni."

"Ba ki yi min komai ba. Ki riƙa miƙewa in kina noma, kada ki wuni a duƙe."

"To."

Damina ta yi nisa. Sanyin ruwa yakan tayar da ciwon, wani lokaci ya kwana biyu bai sauka ba, amma Aina'u ta san abin da za ta yi masa, ba ta kuma koma wurin mai kemis ba. Ta daina ɓuya a bayan buhuna. In lokaci ya yi sai ta miƙe a inda take ta ja kafaɗunta baya, matan ma sun gaji da yi mata dariya, har biyu daga cikinsu sun kawo bokiti.

Da kaka ta yi, sabon zoɓo ya shigo, 'yan cin rani suka fara dawowa ƙungiya-ƙungiya. Duk wadda Aina'u ta ji harshenta irin na can ne sai ta matsa ta tambaye ta Hajjo, doguwa, mai tsage. Wata ta ce ta ji an ce mijinta ya aiko ta bi shi Agadas. Wata ta ce ba ta san ta ba. Ɗan garinsu da take kwana a gidansa ya tashi daga unguwar.

Aina'u ta riƙa ajiye takalmanta a gefenta na dama, inda Hajjo takan zauna, don kada a zauna a wurin. Ta yi haka har siton ya cika, wuri ya yi wuya. Wata safiya Hajiya Ummi ta zo da wata sabuwar mata mai goyo, ta tsaya tana dube-dube, ta ce, "Aina'u, akwai mai wurin nan ne?"

Aina'u ta dubi bakin ƙofar siton, sannan ta janye takalman.

"Babu," in ji ta. "Ta zauna."